Daga Tyrfing zuwa +1: Yadda Takobin Sihiri Ya Hau Teburin Wasa

A duk inda ake buga Dungeons & Dragons ko wani wasa ɗan'uwansa, akwai ranar da alƙalin wasa yake ɗaukar biro da takarda ya zauna ƙera makami. Tsarin wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Mutum huɗu ko biyar ne suke kewaye tebur, kowanne ya ɗauki matsayin jarumi guda a cikin labari, sannan mutum ɗaya, wato alƙalin, ya riƙa bayyana musu duniyar da suka shiga, yana magana da bakin sarakuna da fatake da dodanni. Idan aka zo kan abin da ba a san yadda zai kaya ba, kamar ko sara zai kama ko zai kuskure, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, lambar da ta fito ta raba gardama. Littattafan wasan shaƙe suke da takubba da masu da gudumomin sihiri waɗanda aka riga aka tsara, amma shekara 50 ke nan alƙalai ba su fasa ƙirƙiro nasu ba, kuma tambayar da suke yi wa juna ba ta sauya ba: me zan sa wa takobin nan har 'yan wasa su riƙa tunawa da shi? Amsar da take fara zuwa bakin mutane ita ce a ƙara masa lamba, a ce +1 ne ko +3, wato a ɗora wannan adadi a kan abin da ƙwaya ta nuna. Ni kuwa ina ganin tarihin wasan ya nuna cewa lambar ita ce mafi ƙanƙantar abin da ke jikin makamin. Abin da yake raya shi shi ne sharaɗin da ke kansa, abin da yake nema daga mai riƙe da shi, kuma duk lokacin da masu tsara wasan suka bar lissafi ya danne wannan, sai da suka dawo suka yi gyara.

Makamin sihiri na teburin wasa iyaye biyu gare shi, waɗanda ba su haɗu ba sai a 1971. Na farko tsoffin labaran arewacin Turai ne. A wani labarin mutanen Aislan na ƙarni na 13, Hervarar saga, sarki Svafrlami ya tilasta wa wasu wadanni biyu maƙera, Dvalinn da Durinn, su ƙera masa takobi wanda ba ya tsatsa, yana yanka ƙarfe kamar tufa. Suka ƙera masa Tyrfing, amma don haushin tilasta musu da aka yi sai suka aza masa tsinuwa: duk lokacin da aka zare shi daga kube sai ya ci rai, kuma shi ne zai zama ajalin sarkin. Daga nan labarin ya bi takobin hannu zuwa hannu, yana cin zuriya guda bayan guda. Gudumar Thor, wadda Snorri Sturluson ya ba da labarinta wajen 1220, ba ta kuskuren abin da aka jefa da ita, kuma tana komowa hannun mai ita, sai dai ƙotarta gajera ce, domin ƙuda ya ciji mai zuga a fatar ido ana tsakiyar aiki, ya saki zugazugi na ɗan lokaci. Hrunting, takobin da aka ara wa Beowulf, an ce bai taɓa kunyata mai riƙonsa ba, amma ranar da aka fi bukatarsa ya ƙi cin jikin uwar Grendel. A littafin Thomas Malory da aka buga a 1485, Merlin ya gaya wa sarki Arthur cewa kuben Excalibur ya fi takobin daraja, domin mai ɗauke da shi jininsa ba ya zuba, kuma kuben nan ne aka sace masa. A Kalevala na mutanen Finlan, takobin Kullervo magana ma yake yi, ya amsa masa cewa a shirye yake ya sha jininsa. Duk cikin waɗannan babu mai ba da labarin da ya tsaya auna kaifi. Abin da suke faɗa shi ne sunan makamin, wanda ya ƙera shi, hannuwan da ya bi, da kuma aibin da ke tattare da shi. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san wannan salo, domin wanda zai ba da labarin Bayajida ba ya faɗin tsawon wuƙarsa, abin da yake faɗa shi ne maƙeran Gaya suka ƙera ta, kuma da ita aka kashe macijin rijiyar Kusugu.

Marubutan ƙarni na 20 ne suka ɗauko wannan gado suka miƙa wa samarin Amurka. A The Hobbit na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito a 1937, akwai takubban da suke haske idan abokan gaba sun matso, kowanne da sunansa da tarihin tsohon birnin da aka ƙera shi. A 1954 Poul Anderson ya fitar da The Broken Sword, inda ya farfaɗo da tsinuwar Tyrfing a jikin wani karyayyen takobi da aka sake haɗawa. Daga 1961 kuma Michael Moorcock, ɗan Ingila, ya fara rubuta labaran Elric, sarki zabiya mai raunin jiki, wanda ƙarfinsa yake fitowa daga baƙin takobinsa Stormbringer. Takobin yana shanye ran wanda ya sara, ya ba Elric wani kaso na ƙarfin, amma ba ya bambanta maƙiyi da masoyi, ya kashe masa abar ƙaunarsa, ya kashe masa abokai, daga ƙarshe ya juyo kansa. Ba zato ba ne a ce waɗannan littattafai sun shiga wasan, domin Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri wasan, da kansa ya jera sunayen Anderson da Moorcock da Tolkien a cikin marubutan da ya ce sun yi masa tasiri, a ƙarshen littafin alƙalan wasa na 1979.

Ɗaya mahaifin kuwa daga barikin soja ya fito. A 1824 wani hafsan sojan Prusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar da dokokin wasan yaƙi a kan taswira, bisa tushen abin da mahaifinsa ya faro, aka karɓe shi don horar da hafsoshi. A wannan wasa aka kafa abubuwa biyu da suke nan har gobe: alƙali mai yanke hukunci tsakanin ɓangarori, da jadawalin da ke mayar da jifar ƙwaya zuwa sakamakon artabu. Mai irin wannan wasa ba ruwansa da sunan bindiga, abin da yake so ya sani shi ne nawa take kashewa a tazarar kaza. Wasan ya fita daga bariki ya zama abin sha'awar fararen hula, har H. G. Wells ya rubuta nasa dokokin a 1913. A 1971, a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin yaƙin mayaƙan sulke da dawaki da ake bugawa da 'yan gumaka, suka liƙa masa wasu shafuka a ƙarshe don masu son saka matsafa da dodanni a fagen daga. A nan aka tsaya gaban matsalar da mai tatsuniya bai taɓa fuskanta ba: idan jarumi mai takobin sihiri ya gamu da dodo, yaya jadawali zai nuna bambancinsa da jarumin da ba shi da shi? Aka ce a ƙara 1 a kan jifarsa, manyan takubba irin su Excalibur kuwa a ba su 2 ko 3. Ya kamata a lura cewa wannan 1 ɗin ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, domin ƙwaya biyu masu fuska shida ake jefawa. Wanda yake bukatar 8 ko sama da haka, hanyoyi 15 cikin 36 ne gare shi, kusan kashi 42 cikin 100. Idan aka ba shi +1, 7 ta ishe shi, hanyoyinsa sun zama 21, wato kashi 58. Lambar gajeriyar hanya ce da alƙali ya samu don ya ce takobin nan na daban ne, kuma ko a Chainmail ba a bar ta ita kaɗai ba, an ce takobin yana ba da haskensa mai korar duhu.

Dave Arneson, a can yankin Minneapolis, shi ya mayar da wasan daga rundunoni zuwa jarumi guda ga kowane ɗan wasa, a duniyarsa ta Blackmoor, kuma da shi da Gygax suka haɗu suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, kwafi 1,000 a bugun farko. Wanda ya buɗe na biyun, mai maganar dodanni da dukiya, zai yi mamakin yawan wurin da aka ba takobi. Kashi 20 cikin 100 na kayan sihirin da jadawali yake fitarwa takubba ne, kuma kowane takobi yana da matsayinsa a rikicin Tsari da Hargitsi, irin wanda ke cikin littattafan Anderson da Moorcock, wanda ya ɗauki takobin da ba na ɓangarensa ba kuwa sai ya ji a jikinsa. Ana jefa ƙwaya mai fuska 12 don sanin basirar takobin. Daga 7 zuwa sama yana da wata baiwa, kamar gano tarko ko ƙofar ɓoye, daga 10 yana magana. Sannan a sake jefawa don auna girman kansa. Takobi mai girman kai yana iya rinjayar mai shi, ya ja shi cikin haɗari don a ga bajintarsa, ya kauce da shi daga makamin da ya fi shi, ya nemi a ba shi rabonsa na ganima a yi masa kube mai ado da duwatsu masu daraja, ko ya bari wani jarumin da ya fi cancanta ya ƙwace shi. Wannan Stormbringer ne aka zuba cikin jadawali. Akwai kuma wata hikima a ciki: matsafi yana samun sababbin dabaru duk lokacin da ya hau mataki, mayaƙi kuwa sara ne kawai aikinsa, saboda haka takobin da ke gani da ji da magana shi ne rabonsa na abin al'ajabi. A daidai wannan lokaci ne kuma lambar ta rage nauyi ba tare da an lura ba, domin yawancin tebura sun koma jefa ƙwaya guda mai fuska 20, inda +1 ba ya ƙara komai sai kashi 5 cikin 100, wato sara ɗaya cikin ashirin ne kawai yake sauya wa makoma.

Tsakanin 1975 da 1979 aka haifi al'adar alƙali ya ƙera nasa. Ƙarin littafin Greyhawk na 1975 ya kawo takobin da yake fille kai, wanda aka aro sunansa daga wata waƙar Lewis Carroll ta 1871. Eldritch Wizardry na 1976 ya kawo kayan gado masu suna da tarihi, irin su Hannun Vecna da Idonsa, da Takobin Kas, mataimakin Vecna da ya ci amanarsa. Abin da ya fi muhimmanci ya zo a littafin alƙalai na 1979. Gygax ya ba da tarihin kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya, amma wurin da ya kamata a rubuta ƙarfinsu sai ya bar layuka babu komai, ya ce kowane alƙali ya cike da kansa daga wasu jadawalai. Dalilinsa a bayyane yake: 'yan wasa suna sayen littafin su haddace, abin da aka haddace kuwa ya daina ba da tsoro. Cikin jadawalan nan akwai na alheri, akwai na sharri ƙarami da babba, akwai na illar da take biyo bayan amfani, kuma kusan duk kayan an ware musu layin sharri tare da na alheri. Wato littafin da ya fara koya wa alƙalai ƙira ya koya musu ita ne da aibinta a haɗe. A shekarar nan kuma Lawrence Schick ya rubuta White Plume Mountain, labarin wasa da aka gina kacokan a kan neman makamai uku da aka sace: Wave, mashi mai baki uku, da Whelm, gudumar wadanni, da Blackrazor, baƙin takobi mai haɗiye rayuka. Makamai masu +3 ba su ƙirguwa a littattafan wancan zamani, kuma an manta da su, amma waɗannan uku har yau ana sake buga su, domin kowanne yana da abin da yake so.

Daga nan sai awo ya fara rinjaye, ya kai ƙololuwa a 2000, lokacin da kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR, kamfanin da ke buga wasan, a 1997, ya fitar da bugu na uku na wasan a hannun Jonathan Tweet da Monte Cook da Skip Williams. A nan aka ba makamin sihiri farashi bisa ƙa'ida: a ninka lambar da kanta, sannan a ninka da zinariya 2,000. Takobi mai +1 zinariya 2,000 ne, mai +2 ya kai 8,000, mai +5 kuma 50,000. Kowace baiwa aka yi mata kuɗi da wannan ma'auni. Takobin da ke ci da wuta ana lissafa wutar a matsayin ƙarin +1, fille kai kuwa +5 ne, kuma jimilla ba ta wuce +10, wato 200,000. Jarumin da ya koyi ƙira yana iya yin nasa, ya biya rabin farashi a kayan aiki, ya sadaukar da kashi ɗaya cikin 25 na farashin daga makin ƙwarewarsa, ya yi kwana guda a kan kowace 1,000. Aka kuma buga jadawalin dukiyar da ya kamata jarumi ya mallaka a kowane mataki, aka auna ƙarfin dodanni bisa zaton yana da ita. Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. Tunda an ɗauka cewa jarumin mataki na 10 yana da makami mai lamba kaza, makamin ya tashi daga kyauta ya koma wajibi, wanda bai samu ba an zalunce shi, wanda ya samu kuma bai ji an ba shi komai ba. Takobin da aka sha wuya aka ƙwato a mataki na 3 sai a sayar a mataki na 7 a cika kuɗi a sayi na gaba. Bugu na huɗu na 2008 ya ƙarasa aikin, ya kwashe kayan sihiri daga littafin alƙali ya mayar cikin na 'yan wasa, ya kai lambar +6, ya kuma ba alƙalai shawarar su nemi 'yan wasa su rubuto jerin abin da suke so.

A nan ne mai ja da ni zai tsaya, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Zai ce wasa ba littafin labari ba ne. Marubucin Tyrfing shi kaɗai ke da iko da alƙalaminsa, amma a tebur mutum biyar ne, kowa ya bar aikinsa ya zo, kuma idan alƙali ya ba ɗaya takobin da ya fi ƙarfin wasan, sauran huɗun sun zama 'yan kallo. Ƙa'idar 2000 ta ba sabon alƙali abin da bai taɓa samu ba, wato hanyar sanin ko abin da ya ƙirƙira ya wuce gona da iri tun kafin ya ɓata wasan wata shida. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na ganin akwai mai hankalin da zai ce a zubar da ma'auni. Sai dai ma'aunin yana hana makami ɓata wasa ne kawai, ba ya sa a so shi, kuma masu tsara wasan da kansu suka kawo shaidar haka. A 2009, a littafin alƙalai na biyu na bugu na huɗu, aka ba da zaɓin a riƙa ba jarumai lambar kai tsaye idan sun hau mataki, ko da sandar kiwo suke riƙe da ita. Kamfanin Paizo ya yi irin wannan ga wasansa na Pathfinder a 2015. Idan har ana iya cire lambar daga jikin takobi a manna wa mai shi, lissafin faɗa bai girgiza ba, to dama can lambar ba ta takobin ba ce. Abin da ya rage bayan an cire ta, shi ne aikin maƙeri na gaskiya.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko zurfi. Ana cewa sharaɗi da tsinuwa suna ƙwace wa ɗan wasa 'yancinsa, alhali abin da ya zo nema ke nan, ya zaɓa wa jaruminsa abin da zai yi. Tarihi yana da misalan da suka gaskata wannan. Tsohon wasan yana da takobi mai -2 wanda yake liƙe wa hannun wanda ya ɗauka, ba ya rabuwa da shi sai an nemo mai karya tsinuwa. Wannan tarko ne tsagwaronsa, babu zaɓi a cikinsa, babu labari. A 2005 aka fitar da Weapons of Legacy, littafin da ya yi niyyar kirki ta samar da makamin da yake girma tare da mai shi, amma ya sa kuɗinsa ya zama ragi na dindindin a ƙarfin sara da juriyar jarumi. A ganina an karanta darasin a juye, an mayar da sharaɗi haraji. Bambancin yana wurin lokacin biya. Haraji ana cire shi ne kullum ko ka so ko ka ƙi, sharaɗin Tyrfing kuwa yana jira ne sai ka kai hannu ga kube, a nan za ka tambayi kanka ko wannan faɗan ya kai a rasa rai a kansa. Takobin da ba ya komawa kube sai ya sha jini yana ƙara wa ɗan wasa shawarar da zai yanke a kowace ƙofar gari, a kowane zaman sulhu, a kowane dare da aka ji motsi a bayan zango. Wasan Earthdawn na kamfanin FASA, wanda ya fito a 1993, ya nuna cewa sharaɗin ba dole ne ya zama cuta ba. A can makamin sihiri ba ya buɗe ƙarfinsa sai mai shi ya binciko sunansa, sannan wanda ya ƙera shi, sannan wani yaƙin da aka yi da shi, wani lokaci ma sai ya aikata wani aiki da ya dace da tarihinsa. Kowane sani yana buɗe mataki guda. Ɗan wasan da ke riƙe da irin wannan ba ya sayar da shi, kuma shi da kansa zai ja abokansa zuwa kangon birnin da aka ƙera shi.

Bugu na biyar na 2014 ya ɗauki wannan darasi a fili. Masu tsara shi suka taƙaita girman lambobi gaba ɗaya, suka tsayar da makami na yau da kullum a +3, suka gina dodanni ba tare da ɗauka cewa jarumi yana da wata lamba daga makaminsa ba, suka mayar da kayan sihiri littafin alƙali. Suka kafa doka cewa manyan kaya sai mutum ya zauna ya shaƙu da su kafin su yi masa aiki, kuma ba ya shaƙuwa da fiye da uku a lokaci guda, saboda haka ɗaukar sabon takobi yana nufin ajiye wani abu. Maimakon ƙa'idar farashi sai aka kasa kaya gida biyar bisa ƙarancinsu, aka ce +1 na gida na biyu ne, +2 na uku, +3 na huɗu, wannan ya ishi alƙali awo. Shafukan da aka tanada kuwa aka cika su da jadawalan tambaya: wa ya ƙera shi, me aka yi da shi a da, wace ƙaramar baiwa gare shi, wane hali ne da shi. A 2017 littafin Xanathar's Guide to Everything ya ƙara da cewa wanda zai ƙera makami sai ya nemo wani sinadari da ba a sayarwa a kasuwa, wanda yawanci sai an fuskanci dodo kafin a same shi, ƙira ta koma tafiya maimakon ciniki. A shirin Critical Role, wanda aka fara yaɗawa ta intanet a 2015, Matthew Mercer ya ba 'yan wasansa kayan gado masu hawa uku, suna barci, su farka, su ɗaukaka, kuma abin da yake tashe su shi ne abin da jarumi ya aikata a cikin labari. Alƙalai da dama sun kwaikwayi wannan tsari a nasu teburan.

Saura ƙorafi guda, cewa wannan duk begen jiya ne, domin takubban 1974 ma jifar ƙwaya ce take fitar da su, rabinsu ba su da basirar komai, kuma akwai teburan da faɗa kawai suke so, ba ruwansu da sunan maƙeri. Na yarda da rabin farko, kuma shi ya sa ban ce a koma 1974 ba. Jadawalin wancan lokaci yana iya haifar da takobi mai jin harsuna shida wanda ba shi da abin faɗa. Amma ko teburin da faɗa kawai yake so, sharaɗi ne yake sa faɗan ya yi daɗi. Mashin da yake ninka ɓarna idan mai shi ya tsaya shi kaɗai gaban abokan gaba yana sauya inda kowa zai tsaya a fage, +2 kuwa ba ya sauya komai sai jimillar da ake faɗa. Wahalar da ta rage ta gaske tana kan alƙali ne, domin makami mai bukata bakin alƙali yake amfani da shi, kuma alƙalin da ba ya kame kansa zai mayar da takobi linzamin jan 'yan wasa inda yake so. Dokar 2014 ta yi ƙoƙarin sa wa wannan iyaka. Takobi mai rai ba ya yin galaba haka kawai, sai an samu saɓani tsakaninsa da mai shi, sannan a jefa ƙwaya, ɗan wasa ya nemi kai wa 12 haɗe da ƙarfin kwarjinin takobin, idan ya gaza ne makamin zai juya shi, shi ma na awa 1 zuwa 12 kawai. Blackrazor, kamar yadda aka sake rubuta shi a wannan bugu, yana da +3, kuma an faɗi ƙa'idarsa ƙarara yadda ɗan wasa zai san ta tun kafin ya ɗauka: idan ya kwana uku bai haɗiyi rai ba, saɓanin zai tashi da faɗuwar rana ta gaba.